Kwandon Hajiya Dije da Baƙin Tsamiya

TASHI DAGA TASAWA

Ladanin unguwarmu bai gama gyaran murya ba na fito, da 'yar jaka a kafaɗa da buta a hannu. Maiɗakina ta rako ni bakin zaure tana cewa, "Mushe, mutane na tahiya neman magani ko neman haƙƙi, kai ka tashi neman tsuntsu." Na ce mata shekarun da na yi a lakwal, makarantar boko inda na samo sunan Mushe, ina neman hankali a kawunan 'ya'yan mutane ba su kashe ni ba, tsuntsu ma ba zai kashe ni ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa wanda aka san ba ya jin magana.

'Yan fadarmu, tsofaffin malaman da muke shan shayi tare tun da muka aje alli, sun dame ni da tambayar inda na ɓace, da dalilin da ya sa aka gan ni a tasha cikin tulin kwanduna. Ga amsar a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Garin da aka yanke cibiyata yana arewa da Tasawa, cikin ƙasar Mayahi. Ba zan faɗi sunansa ba, don masu sayen fili ma sun iya karatu, wasunsu ni na koya musu. A gabashin garin akwai tabki, kewaye da shi kurmi ne na gawo da kanya da marke, da wata tsamiya wadda ta girmi duk mai iya ba da labarinta. Bakin Ruwa muke ce wa wurin. Da can bayan gari ne. Yanzu gari ya yi ƙiba har ya zo ya jingina da shi. Nan zalɓe ke tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar ɗalibin da aka hukunta, nan balbela ke kwana, nan kirinjijiya ke sauka in ruwa ya cika. Amma mai wurin ita ce shamuwa. Kowace shekara, in bazara ta kai maƙura, sai ta iso daga kudu ta yi sheƙa bisa itatuwan, manomi ya ɗaga kai ya gan ta, ya shiga ɗaki ya fiddo iri.

Yayata Rabi ce ta kira ni a salula. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, nan na san lamarin babba ne. Ta ce an shafa wa itatuwan Bakin Ruwa jan fenti. Ranar Asabar za a sare su, a shimfiɗa pave, hanyar nan ta tubalin siminti, daga kasuwa zuwa gidan likita, sauran wurin kuma a yanka shi parsel-parsel a sayar wa masu gini. Takardu sun cika, ba wanda ya yi sata. Wanda ya samu aikin kuwa Alhaji Sanusi ne, ɗan garin, wanda ya zauna a layin gaba a ajina, kuma ban taɓa kama shi da kuskuren lissafi ba.

Wannan karon ma bai yi kuskure ba. Kowa ya sani a ƙasarmu, itacen da shamuwa ta sauka a kai ba a sa masa gatari sai ta tashi da 'ya'yanta. Kome za ka bayar, ba mai saran da zai yarda. Sai Sanusi ya sa ranarsa gabanin isowarta, ya kuma sa aka zungure tsofaffin sheƙuna da gora. Gidan da ba kowa ciki, ba a ce an kori mai shi ba.

"Ka tuna yadda su Inna ke yi?" in ji Yaya Rabi. "Su sa tsohon kwando a gwafar reshe, su zuba 'yan ƙirare, shamuwa ta tarar an yi mata rabin aiki, ta sauka ba jinkiri. Garin nan roba ta cinye kwando. Tahi kudu ka samo, ka dubo mini ko ta taso. In ka gama ka wuce Atantane ka ɗauko Hajiya Dije."

Hajiya Dije ita ce mahaifiyar Sanusi. Na ce, "Yaya, ni fa tsoho ne."

Ta ce, "Ni na goye ka. Tashi."

BAUDETA

Kabu-kabu na hau, na wani magidanci mai suna Habu. Ya tsaya bakin gari aka zuba masa isansi, wato fetur, daga kwalba, ya girgiza babur ya saurara, kamar mai auna madara, sannan ya ce mu je. Gari ya waye mana a hanya. Gonaki duk an share su, an ƙone kara, ƙasa ta yi fes tana jiran ruwa. Duk wanda muka wuce, kafin ya amsa sallama sai ya kalli gabas.

Da hantsi muka shiga Baudeta. Aka nuna mini wani dattijo yana saƙar kaba a inuwa, kwanduna sababbi jere a gabansa. Bayan gaisuwa na ce tsofaffi nake so.

Ya aje saƙar ya dube ni. "Malam, ka zo wajen mai saƙa ka ce tsoho kake so? In ka je wajen mahauci naman shekaranjiya kake tambaya?"

Na yi masa bayani. Da ya ji sunan shamuwa sai fuskarsa ta saki. Ya ce sabon kwando ba ya yi, ƙamshin kaba da farinsa suna sa ta zargin tarko. Sai wanda ya sha hannu ya sha hayaƙi. Shi ya ba ni dabara, kuma dabara ce ta mai son ciniki: in sayi sababbi a wurinsa, a kai wa matan unguwa, su ba ni tsofaffinsu. Haka aka yi. Ban taɓa ganin labari ya zaga gari da sauri irin na mahaukacin da ke ba da sabo ya karɓi tsoho ba. Kafin azahar an fiddo kwanduna daga bayan rumbu, daga kan danga, har da wanda kaza ke kwanci a ciki. Aka ɗauke ta tana zagin kowa.

Ina cikin shan fura dattijon ya taɓa ni, ya nuna wata kuka bayan masallaci. Shamuwa ne, su biyu, a can ƙololuwa, baƙar alkyabba bisa farar riga, suna tsaye kamar alƙalai kafin a shigo da ƙara.

Na ce, "Baba, yaushe za ta kai arewacin Tasawa?"

Ya ce, "Hadari take bi, ba ta bin agogo. Sai dai ta hi ka sa'a, ita ba mai tsaida ta a bariyar jandarma."

Habu ya ɗaure kwandunan a bayan babur har suka fi kaina tsawo. Da la'asar na shiga gida. Maiɗakina ta dube ni, ta dubi kayan, ta ce tuwo na nan a rufe. Ba ta ƙara kome ba, wannan kuwa ya fi magana zafi.

DAGA TASAWA ZUWA MAYAHI

Washegari bayan asuba na shiga motar kasuwa, irin wadda aka yi don mutum goma sha wani abu, amma imani ya faɗaɗa ta. Direban, Laminu, ya ɗora kwandunana a sama tare da buhunan albasa da akuya ɗaya. Na sayi kilishi a tasha don guzuri. Wanda ya bar Tasawa ba kilishi ya yi tafiyar banza.

Da muka sauka daga gudron, wato kwalta, muka hau latarit, jar hanyar tsakuwa, haƙoran kowa suka fara gaisawa da juna. A bariyar, shingen binciken motoci, wani jandarma ya karɓi kartidantite ɗinmu, wato katin shaida, ya zaga motar, ya tsaya yana kallon sama.

"Na wa ne waɗancan?"

"Nawa ne, shef."

"Mi ke ciki?"

"Ba kome."

"Tsoho, ka ɗauko ba kome daga Tasawa za ka kai Mayahi?"

Na ce gidaje ne, masu su na tafe ta sama. Sai ya fashe da dariya. Ya ce kakarsa ma haka take yi, har takan hana su wasa a gindin itacen kada su firgita baƙi. Ya miƙo mini katina da hannu biyu, ya yi mini fatan sauka lafiya da Faransanci, ya ce, "Bon buwayaj, Mushe." Ban gaya masa ni malami ne ba. Alli, ashe, ba ya fita daga jikin mutum.

Maganar ta buɗe bakin fasinjoji. Yawanci suka ce sare Bakin Ruwa zunubi ne. Amma wata mata da ke gefena, mai goyo, ta ce, "Ku maza kuna da daɗin baki. Ni na san garin. Bara da damina muka ɗauki ƙanwata tana naƙuda, amalanke ta kafe a laka tsakanin kasuwa da likita, sai a hannu muka ƙarasa da ita. Shamuwa na sama tana kallo, ba ta sauko ta taya mu ba."

Ni da duk karatuna, sai kawai na miƙa mata kilishi. Maganarta ta zauna mini a ƙirji har ƙarshen tafiyar.

A Mayahi na yi azahar, na ci shinkafa da wake a bakin tasha, na bar kwandunan a hannun mai shayi, wanda ya rantse ba ɓarawon da zai wulaƙanta kansa ya taɓa su.

ATANTANE

Wata buɗaɗɗiyar mota mai kai gishirin dabbobi ta sauke ni Atantane rana ta yi sanyi. Hajiya Dije na zaune gidan 'yarta tun rasuwar mijinta. Na tarar da ita a tabarma tana ɓarar wake, ƙarama, busasshiya, ido kamar na shaho. Muka gaisa, ta tambayi Rabi, ta tambayi jikokin Rabi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta bar ni na faɗi abin da ya kawo ni.

Ba ta daina ɓarar wake ba. "Mushe, kai da ka yi karatu, ka manta yaron nan ɗan fari ne?"

Gaskiya na manta, ko kuwa Yaya Rabi ta bar ni in zo in tuna da kaina. A al'adarmu uwa na jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa ko faɗa da shi gaban mutane. Hajiya ta riƙe wannan da ƙarfi irin na mutanen da. Sanusi ya yi furfura, ya je Makka ya kai ta, amma bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Tun da na haihe shi ban ce mishi yi ko bari ba," in ji ta. "Yau da tsufana zan tsaya bakin tabki in yi gardama da shi, gari na kallo? A'a. Ku nemi wata."

Na kawo hujjoji. Na yi maganar fara da tsutsa da shamuwa ke cinyewa a gona, na yi maganar inuwa da ruwan ƙasa. Ta saurare ni kamar yadda ake sauraren rediyo a gidan maƙwabta. Da na gaji na ce to, ba kome, mu dai za mu sa kwandunanmu, sauran na Allah ne.

Hannunta ya tsaya. "Kwanduna? Wa zai sa na tsamiya?"

Na ce duk wanda ya samu.

"Duk wanda ya samu! Tun ina amarya reshen gabas na tsamiyar nan nawa ne. Uwar mijina ta ba ni shi." Ta kira 'yarta ta ce a ɗauko mata kwandon da ke rataye a ɗaki. Aka kawo shi, ya yi baƙi, gindinsa an yi masa faci da fata. Da shi take kai gyaɗa kasuwa a shekarun da Sanusi ke ajina. Kayensa, littafin rubutu ke nan, da bik ɗin da yake rubutu da shi, daga cikinsa suka fito.

"Zan tahi in sa kwandona," ta ce. "Amma ka ji da kyau, ba zan yi magana da kowa ba."

Na ci tuwon hatsi da miyar kuka, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, na kwanta ina lissafin abin da na samu: tsohuwar da ba za ta yi magana ba, da tsuntsuwar da ba ta san da mu ba.

HANYAR GARINMU

Muka koma Mayahi muka kwashi kaya, muka kama hanyar gabas, wadda ke bi ta wajen El Alasan Mairairai. Rairayi ne zalla. Motar ta kafe, maza muka sauka turi, ta tashi, ta sake kafewa. Hajiya na gaba kusa da direba, kwandonta a cinya, ta ƙi yarda a ɗora shi sama da sauran.

A wata rijiya muka tarar da wani Buzu yana shayar da raƙuma. Ya ba Hajiya cuku, ya ba ni labari: ya ga walƙiya a gabas, amma shamuwa ko ɗaya bai gani ba. Na yi masa godiya a kan cukun.

Muka shiga gari gab da magariba. Na ce a tsaya a Bakin Ruwa. Tabkin ya janye, saura laka da ɗan ruwa a tsakiya, balbelu na dawowa kwana layi-layi. Kowane itace da jan gicciye a ƙirjinsa, irin wanda na sha yi a kayen yara. Ban taɓa sanin haka yake da muni ba sai da na gan shi a jikin tsamiya.

JUMA'A

Bayan an sauko daga masallaci magidanta suka hau itatuwa, mata na miƙa kwanduna da ƙirare, Yaya Rabi na ba da umarni kamar kwamanda. Hajiya ta tsaya da kanta har aka ɗaure nata a reshen gabas, ta sa aka kwance aka gyara, don wai ya karkace.

Ana cikin haka Sanusi ya iso. Ya sauko daga motarsa, ya rusuna ya gaishe ni, ya je ya durƙusa nesa kaɗan da mahaifiyarsa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon tabki.

Ya dawo wurina yana murmushi. "Mushe, har da kai?"

"Har da ni, Alhaji."

"Kai ka koya mana hanya mafi gajarta tsakanin wuri biyu ita ce miƙaƙƙiya. Ga kasuwa, ga likita. Ni ban sa tabki a tsakani ba."

Na ce na koya musu haka a kan tablo, allon aji, kuma a tablo ba kowa ke zaune ba.

Ya ce, "Mutane na son wurin gini, mata na son hanya. In tsuntsu ya zo, wallahi ba mai taɓa itacen da ya sauka. Amma kwando ba tsuntsu ba ne, Mushe. Gobe da sahe za mu fara."

Ya yi gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Muka wuni muna kallon kudu har wuya ya ƙage. Hankaka ya zo, cilakowa ta zo, shirwa ta yi shawagi ta tafi. Kwanduna na sama, ba kowa.

ASABAR

Masu sara suka iso da hantsi, da gatura da injin zarto ɗaya. Shugabansu Ɗan Tani, manomi ne kamar kowa, sara aikin rani ne a wurinsa. Ya ɗaga kai ya duba itatuwan ɗaya-ɗaya, ya ce, "To, ba kowa. Bismilla."

Yaya Rabi ta aiko da fura ƙwarya guda, ta ce ba a fara aiki da yunwa. Suka sha. Ta aiko da ta biyu. Ni kuma na tare Sanusi na yi masa darasi mafi tsawo a rayuwata, daga tafiyar tsuntsaye har zuwa zaizayar ƙasa. Ya saurara da ladabi har na kai inda na fara maimaita kaina, sannan ya ɗaga wa Ɗan Tani hannu.

Daga ɓangaren kasuwa suka fara. Injin ya yi kuka, balbelu suka watse. Gawon farko ya faɗi da kwandonsa a kai, ƙasa ta girgiza har cikin ƙafafuna. A gindinsa aka yi mini aski na farko da na iya tunawa. Na biyu ya bi shi kafin rana ta take tsaka. Hajiya na zaune a tabarmarta gindin tsamiya, tana jan carbi, ba ta ko waiwaya ba.

Suna gyara tsayuwa a na uku iska ta juya. Wata iska ce mai sanyi daga gabas, mai ƙamshin ƙasa. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Ga shamuwa can sama, ƙanana kamar baƙin wake da aka watsa, suna juyawa a hankali ba sa ko kaɗa fiffike. Suka yi ta saukowa. Biyun farko suka dira a kan gawon da ke kwance, suka tsaya suna dube-dube, kamar mutanen da suka dawo daga tafiya suka tarar an rushe unguwa. Ɗan Tani ya kashe injin da kansa. Sai ɗaya ta tashi, ta zaga tabkin, ta wuce kwandunan Baudeta duka da na sha wahala a kansu, ta sauka a reshen gabas na tsamiya. Ta leƙa kwandon Hajiya, ta ɗauki ƙirare guda ta gyara masa zama, yadda kowace mace ke yi in ta shiga ɗakin da wata ta shirya.

Ɗan Tani ya jingina gatarinsa. Sanusi ya ce, "Tsamiya ta tsira. Sauran fa?" Amma kafin ya rufe baki wasu sun sauka a kanya, wasu a marke. Ɗan Tani ya ce, "Alhaji, ka nuna mini wanda ba kowa, ka kuma yi mini alkawarin ba wadda za ta sauka ina cikin sara."

Na ga Sanusi yana lissafi, na kuma san lissafin: damina wata nawa ce, shamuwa za ta tafi, gatari ba ya ruɓewa. Mun ci yau, za mu faɗi da kaka.

Sai Hajiya Dije ta aje carbi. Ba ta dubi ɗanta ba. Ta dubi Yaya Rabi, ta ɗaga murya yadda har na bakin kasuwa zai ji.

"Rabi."

"Na'am, Hajiya."

"Ki gaya wa yaron nan na yi baƙi."

Yaya Rabi ta juya, da fuskar da ba dariya, ta ce, "Alhaji, Hajiya ta ce ta yi baƙi."

"Ki gaya mishi duk shekara suke zuwa. In ina da rai, a reshen nan za su same ni. In ba ni, ki ce mishi na bar mishi su."

Wannan karon Yaya Rabi ba ta maimaita ba, ba a bukata. Sanusi ya ɗaga kai ya dubi kwandon, na ga ya gane facin fatar. Sannan ya tuɓe takalmansa, ya taka zuwa bakin tabarmar, ya durƙusa, ya ce da Yaya Rabi, ba da uwarsa ba, "Inna Rabi, ki ce mata baƙinta baƙina ne."

Guɗar da aka yi, na tabbata an ji ta a Mayahi.

Da la'asar aka zauna gindin tsamiyar, da magajin gari da mai gari da duk wanda ke da baki. Na tashi na faɗi maganar matar nan ta cikin mota, don na ɗauko ta amana ko da ba ta ba ni ba: hanya dole ce. Sanusi ya karɓi sanda ya zana a ƙasa. Akwai tsohuwar hanyar amalanke da ke zagaye kurmin ta kan tudu. Ta fi tsawo, amma ƙasarta tauri gare ta, ba sai an yi ta cika laka da tsakuwa ba. Parsel kuma a mai da su tudun arewa, inda ruwa ba ya kwanciya. Masu gini ma sun fi samun alheri, don wanda ya gina a bakin tabki da kwaɗi zai yi maƙwabtaka. Aka yi ta ja-in-ja, kamar yadda ya kamata, sannan aka amince. Aka ce a kafa born, duwatsun iyaka, kewaye da Bakin Ruwa, kada a sake yanka ko taki ɗaya. Ragowar jan fentin nan da shi aka shafa su. Na ce wa Sanusi wannan ne karo na farko da na ga ya bi doguwar hanya ya samu amsa daidai. Ya ce, "Mushe, ka ba ni nawa bisa goma?" Na ce takwas, gawo biyu na cire.

Ba a tashi daga taron ba hadari ya haɗo. Muka watse da gudu, manya da ƙanana, magajin gari riƙe da hularsa.

KOMAWA

Da safe garin ba kowa, duk an tafi shuka, har Ɗan Tani da mutanensa. Na biya Bakin Ruwa. Tabki ya kawo, kwaɗi na ta murna, kututture biyu na nan fari fat, kuma ba zan ce ganinsu bai yi mini ciwo ba. Amma a sama ana ta kai da kawo da ƙirare a baki. Hajiya ta ce ba za ta koma Atantane ba sai baƙinta sun yi 'ya'ya. Sanusi ya aiko mata da tabarma sabuwa, ta hannun Yaya Rabi.

Rairayin da ya wahalshe mu ya sha ruwa ya kwanta, mota ta bi ta kansa kamar gudron. Na shiga Tasawa bayan azahar, hannu wofi, riga duk laka.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Habu da Laminu, da dattijon Baudeta da matan da suka yarda aka cuce su da sabon kwando, da jandarman da ya tuna kakarsa, da matar da ta hana ni jin daɗin hujjata, da Yaya Rabi wadda har yanzu take goyona ko ban so ba.

Maiɗakina ta karɓi jakata ta ce, "An samo tsuntsun?" Na ce an samo. Ta ce madalla, ta shiga kawo ruwa. Na zauna a inuwar dogon yaron da ke tsakar gidanmu, na jingina, na ɗaga kai. A gwafar reshe, an ɗaure shi tam da tsumma, ga tsohon kwandon da take wanke hatsi.